Zaren mita biyu a ɗakin da ido ba ya gani: yadda aka naɗe ADN a jikinmu

Shin gaskiya ne cewa a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai zaren ADN, wato sinadarin da ke ɗauke da gado, mai tsawon mita biyu, kuma idan aka ƙulla na jiki duka zai je rana ya dawo sau ɗaruruwa? Maganar tana yawo a saƙonnin waya, kuma ta zo daidai lokacin da kalmar ADN ta shiga bakin jama'a ta hanyar gwajin tabbatar da uban yaro da gwajin jini kafin aure. A nan Tawa na ji ta a bakin ɗalibai, na kuma ji ta a majalisar manya, inda wasu suka ce ƙarya ce tsagwaronta tunda mutumin kansa bai kai mita biyu ba, wasu kuma suka karɓe ta dungurungum. Batun mita biyu gaskiya ne, batun zuwa rana an zuzuta shi, amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda aka naɗe zaren, domin naɗin ne ke yanke hukuncin abin da jiki zai karanta daga cikinsa da abin da zai bari a rufe.

Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali, sai dai kowane tubali a nan rayayye ne. A tsakiyar mafi yawan nau'o'in ƙwayoyin akwai wani ɗan kewayayyen ɗaki, wanda za mu kira cibiyar ƙwaya, kuma a cikinsa ADN yake. Masu Faransanci suna cewa ADN, masu Ingilishi suna cewa DNA, abu ɗaya ne. Siffarsa ta igiya ce mai tufka biyu, kuma a tsakanin sillayen biyu an jera wasu sinadarai iri huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A, T, G da C, inda A ke riƙe da T kullum, G kuma ke riƙe da C. Jerin waɗannan haruffa shi ne rubutun gado. Wani yanki na rubutun da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda, wato irin sinadarin da ke gina jiki yana kuma yi masa ayyuka, za mu kira shi babin gado, kuma mutum yana da irin waɗannan babuka kimanin dubu 20.

Wanda ya fara ware sinadarin ADN shi ne Friedrich Miescher, a garin Tübingen na Jamus a 1869, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata. Siffar tufka biyu kuwa sai a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana ta a Ingila, bayan sun amfana da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin, wadda ta rasu a 1958, shekara huɗu kafin a ba da kyautar Nobel a kan aikin.

Daga ina aka samo mita biyu

Lissafin ba shi da wuya. Tazarar da ke tsakanin harafi da mai bi masa ƙarama ce har ta kai cewa haruffa kusan miliyan 3 ne ke cika milimita ɗaya. Abin da mutum ya gada daga uwa ya ɗan haura haruffa miliyar 3, wato abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke kira biliyan 3, kuma ya gaji kwatankwacin haka daga uba. Idan aka haɗa, haruffa sama da miliyar 6 ke nan, waɗanda jerinsu ya kai kimanin mita biyu. Kaurin zaren kuwa, sai an jera kimanin dubu 40 gefe da gefe kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya.

Zaren ba guda ɗaya ba ne miƙaƙƙe. An yanka shi gida 46, kowane yanki ana kiransa kuromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Shekaru da dama littattafai suna cewa 48 ne, har sai da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga da kyau a Suwidin suka buga sakamakon a 1956. Mafi tsawo, kuromozom na 1, idan aka miƙe shi zai kai santimita takwas da rabi, mafi gajarta kuma, na 21, santimita ɗaya da rabi ne kawai.

Tsawon zare ba ya nuna darajar halitta, kuma hujjar tana kasuwarmu. Albasa, irin wadda ake lodawa a manyan motoci daga Galmi, tana da ADN da ya ninka na mutum kusan sau biyar. Hatsi yana da kimanin haruffa miliyar 1.7 a kan kuromozom bakwai-bakwai, wato ya ɗan wuce rabin namu. A 2024 an sanar da cewa wani ɗan tsiro na tsibirin Sabuwar Kaledoniya yana da haruffa miliyar 160, zaren da zai haura mita 100 a kowace ƙwaya. Ko a jikinmu ma, ɓangaren da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin kai tsaye bai kai kashi biyu cikin ɗari na zaren ba.

Wannan yalwa ta albasa ce ta sa ake iya ganin ADN ɗinta da ido. Na sha nuna wa yara wannan a aji: a kirɓa albasa a turmi, a zuba ruwa kaɗan da gishiri da ɗigon sabulun wanke kwanoni, a tace da tsumma mai tsabta a cikin kofin gilashi, sannan a tsiyaya alkol mai sanyi a hankali ta gefen kofin. Bayan ƴan mintoci sai wani farin abu mai yauƙi ya taso tsakanin ruwan biyu, a sa tsinken tsintsiya a naɗo shi kamar yadda ake naɗo yanar gizo-gizo. Wata yarinya ta taɓa ɗaga tsinken ta ce, “Malam, to ina haruffan suke?” Abin da ta ɗaga curi ne na miliyoyin zarurruka da suka manne da juna, waɗanda sabulu ya fasa musu ɗaki, gishiri da alkol kuma suka tattaro su wuri ɗaya.

Zancen zuwa rana, da zancen jini

Masu cewa zaren zai je rana ya dawo sau ɗaruruwa suna ninka mita biyu ne da adadin dukkan ƙwayoyin jiki. Wani nazari da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa jikin babban mutum yana da ƙwayoyi kimanin miliyar dubu 30. To amma kashi 84 cikin ɗari na wannan adadi jajayen ƙwayoyin jini ne, kuma jar ƙwayar jinin ɗan Adam tana tofar da cibiyarta tun tana cikin ɓargo, kafin ta shiga jijiya, domin ta sami sararin ɗaukar iskar numfashi. Ba ta ɗauke da zaren nan ko kaɗan. Idan aka cire su da sauran gutsattsarin jini marasa cibiya, abin da ya rage bai wuce miliyar dubu 3 ba. A ninka da mita biyu, a sami kilomita miliyar 6. Tazarar duniya da rana kilomita miliyan 150 ce, saboda haka zaren zai je ya dawo kamar sau 20, kuma wannan ma ya ishi mai hankali abin mamaki ba sai an ƙara masa gishiri ba.

A nan ne wata fahimta da muka gada take buƙatar gyara. Muna cewa wane jinina ne, kuma magana ce mai kyau a zumunci, amma ta sa mutane da yawa suna zaton cewa gado yana cikin jan jini ne. ADN ɗin da ake samu a jini daga fararen ƙwayoyi yake fitowa, kuma iri ɗaya ne da wanda ke cikin fatar kumatu ko saiwar gashi. Shi ya sa gwajin tabbatar da uba ba ya buƙatar allura, goga auduga a cikin baki ta wadatar. Gwajin ma ba ya karanta mita biyun nan, yana duba wurare ne kamar ashirin inda wasu gajerun haruffa ke maimaituwa da adadi mabambanta tsakanin mutane, hanyar da ta samo asali daga aikin Alec Jeffreys a Ingila a 1984.

Wuri ya isa, tsari ne ke da wuya

Faɗin cibiyar ƙwaya kimanin kashi shida ne cikin dubu na milimita. Domin abin ya shiga hankali, mu ninka komai sau miliyan. Cibiyar za ta zama ɗaki mai faɗin mita shida, zaren zai yi kaurin milimita biyu, tsawonsa kuma ya kai kilomita 2,000. Hanyar Tawa zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 550 ce, ke nan zaren ya kusa isa a je a dawo sau biyu.

Duk da haka, idan aka auna sararin da zaren kansa zai ci, bai wuce kashi biyar zuwa shida cikin ɗari na ɗakin ba, saboda tsabar sirantarsa. Wahalar tana wani wuri dabam. Duk wanda ya taɓa cusa igiyar guga a buhu ba tare da ya naɗe ta ba ya san abin da zai tarar idan ya zo ɗauka. Ga shi kuma ADN yana da ɗan tauri, ba ya son lanƙwasa mai tsanani, sannan duk jikinsa yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, wanda ke sa sassansa ture juna. A kan wannan duka, dole ne ƙwaya ta iya kai hannu ga kowane babin da take buƙata cikin mintoci, ta kuma kwafe zaren gaba ɗaya ta raba shi daidai wa daida idan za ta rabu biyu.

Naɗin farko

Masaƙi ba ya barin zarensa a warwatse, yana naɗe shi a ƙwarƙwaro. Ƙwarƙwaron ƙwaya furotin ne da ake kira histon, wanda Albrecht Kossel ya gano a 1884, kuma cajinsa kishiyar na ADN ne, shi ya sa suke manne da juna. Histon takwas suna haɗuwa su zama ɗan dunƙule, zaren ya zagaye shi kusan sau biyu da haruffa 147, ya bar ɗan sarari, sannan ya hau dunƙule na gaba. Idan aka duba da madubin bincike mai ƙarfi, abin yana kama da carbi. A ma'aunin ɗakinmu na mita shida, kowane dunƙule zai yi girman ƙwayar carbi, da zare santimita biyar naɗe a jikinsa, kuma akwai irinsu kimanin miliyan 30 a cibiya guda. Roger Kornberg ne ya bayyana wannan tsari a 1974, kuma a 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond da abokan aikinsu suka fitar da cikakkiyar siffarsa a Zurich. Wannan naɗi yana rage tsawon zaren kamar sau shida zuwa bakwai, abin da ke nuna cewa da sauran aiki babba.

Inda masana suka saɓa

A 1976 John Finch da Aaron Klug sun ba da shawarar cewa carbin nan yana sake murɗewa ya zama igiya mai kauri, mai tsari iri ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan igiyar ta sake naɗewa hawa-hawa har ta zama kuromozom. Wannan hoto ne ya cika littattafan makaranta, kuma har yau shi ake zana wa ɗalibai a allo. Masu goyon bayansa suna da hujja, domin idan aka fitar da zaren daga ƙwaya aka sa shi a ruwan gishiri daidai gwargwado, lalle yana yin wannan siffa.

Sai dai da aka sami hanyoyin leƙa cikin cibiyar ba tare da an wargaza ta ba, masu bincike da dama ba su tarar da wannan igiya mai tsari ba. Wani aiki da aka buga a 2017 daga cibiyar Salk ta Amurka ya nuna sarƙoƙi masu kauri dabam-dabam, a cushe sosai a wasu wurare, a sake a wasu. A ganina wannan bayani na biyu ya fi dacewa da aikin da zaren yake yi, domin abin da ake buɗewa ana rufewa dare da rana ba zai kasance a ɗaure tamau da ɗauri iri ɗaya ba, kuma ya kamata malamai su riƙa gaya wa ɗalibai cewa zanen littafin tsohon hasashe ne da ake ta gyarawa.

Abin da ya ƙara fitowa fili shi ne batun madaukai. Akwai wasu furotin masu siffar zobe, kohesin da kondensin, waɗanda ke kama zaren su riƙa zuro shi ta cikinsu har ya zama madauki, kamar yadda mai ɗinki ke jawo zare ta kafar allura. A 2018 masu bincike a Delft ta ƙasar Holan sun ɗauki hoton kondensin guda yana wannan aiki kai tsaye. Kowane kuromozom kuma yana da unguwarsa a cikin cibiya, ba ya cakuɗewa da sauran yadda ya ga dama. Siffar nan mai kama da harafin X da ake gani a hotuna tana bayyana ne kawai lokacin da ƙwaya za ta rabu, inda ake tattare zaren har tsawonsa ya ragu kusan sau dubu 10, kamar kayan mai ƙaura da aka ɗaure don tafiya.

Akwai kuma matsalar murɗewa. Wanda ya taɓa warware tufkar igiya daga tsakiya ya san cewa gabanta sai ya ƙara murɗewa har ya dunƙule. Haka ke faruwa duk lokacin da aka buɗe sillayen ADN don karantawa ko kwafewa. Ƙwaya tana da ma'aikata na musamman, wanda James Wang ya gano na farkonsu a 1971, masu yanke zaren su bar shi ya warware ko su wuce da wani zaren ta cikin yankan, sannan su ɗinke. Maganin nan siprofloksasin yana kashe ƙwayoyin cuta ne ta hanyar tsayar da irin wannan ma'aikaci nasu a tsakiyar aiki, zarensu ya tsinke ba ɗinki. Idan ana sayensa a bakin hanya ana sha rabi a bari, ƙwayoyin cutar da suka ɗan sauya siffar ma'aikacin nasu su ne ke tsira su hayayyafa, maganin ya daina ci.

Naɗi ne ke zaɓar abin da za a karanta

Ƙwayar halitta ta ido da ta hanta da ta ƙwaƙwalwa rubutu ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne babukan da aka buɗe da waɗanda aka naɗe aka ajiye. Ƙwaya tana liƙa wasu ƙananan alamomin sinadari a jikin histon ko a jikin zaren kansa, wasu na sassauta naɗin, wasu na ƙara tamke shi, kuma idan ta rabu tana bar wa ƴaƴanta yawancin alamomin.

Misali mafi kusa yana kwance a tsakar gida. Mace tana da kuromozom X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya, kuma ƙwan uwa X yake bayarwa kullum, don haka maniyyin uba ne ke kawo abin da ke sa a haifi namiji ko mace, abin da ya kamata masu ɗora wa mata laifin haihuwar ƴaƴa mata su sani. Tun tayi yana ƙarami, kowace ƙwayar mace tana dunƙule ɗaya daga cikin X ɗinta ta rufe shi, kamar yadda Mary Lyon ta bayyana a 1961. A jikin kyanwa, umarnin launin ja ko baƙi yana kan X ne, shi ya sa kyanwa mai dabbare-dabbaren ja da baƙi kusan kullum mace ce: kowane tabo yana nuna X ɗin da aka bari a buɗe a wurin.

Abin da ya shafi lafiyar jama'a

Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro mafi haɗari tana amfani da wannan dabara a kanmu. Tana da babuka kimanin 60 na furotin ɗin da take liƙawa a bayan jar ƙwayar jinin da ta shiga, amma ɗaya kawai take buɗewa a lokaci guda, sauran suna naɗe a gefen cibiyarta. Kafin garkuwar jiki ta gama gane wannan rigar, wasu daga cikinsu sun sauya wata. Wannan yana cikin dalilan da ke sa yaro ya kamu damina bayan damina kafin jikinsa ya sami kariya, kuma kariyar ba ta cika.

Rabon kuromozom ma yakan sami tangarɗa. Idan yaro ya sami kuromozom na 21 guda uku maimakon biyu, kamar yadda likitoci a Faransa suka gano a 1959, yakan zo da jinkirin girma da na koyo da wata siffa ta fuska. Ƙwayayen haihuwa na mace suna fara shirin rabuwa tun tana cikin mahaifiyarta, zobban kohesin suna riƙe da kuromozom ɗin shekaru da dama, kuma raunin da suke yi da tsufa shi ne bayanin da bincike ya fi ƙarfafawa game da ƙaruwar lamarin idan shekarun uwa sun ja. Ba aikin iska ba ne, ba kuma wani abu ne da uwa ta ci ko ta aikata ba.

Amosanin jini, wanda ake kira sikila, shi ne inda batun naɗi ya fi taɓa gidajenmu. Asalinsa harafi ɗaya ne tak a kan kuromozom na 11, inda T ya zauna a gurbin A a cikin babin furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, kuma ciwon yana bayyana idan yaro ya gaji wannan sauyi daga uwa da uba duka. Iyaye da yawa sun lura cewa jaririn yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai wajen wata biyar zuwa shida hannaye da ƙafafu su fara kumbura. Dalili shi ne tayi yana amfani da wani babi dabam da ke maƙwabtaka da wancan, wanda ba shi da wannan lahani, kuma bayan haihuwa jiki yana rufe babin jarirai a hankali, madaukin zaren ya karkata zuwa babin manya. Babin jarirai yana nan daram a jikin majinyaci har tsufansa, a rufe kawai yake.

Maganin hidroksiyuriya, wanda likitoci ke rubuta wa masu amosanin jini tare da bin diddigin jininsu, yana taimakawa ne wajen ƙara yawan wannan furotin na jarirai, ta haka yawan tashin ciwon ke raguwa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a lalata makullin da ke rufe babin jarirai, a mayar masa da su. An sa masa kuɗi dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo a duniya a Afirka kudu da Sahara ake haifarsu. Abin da ke hannunmu a yau shi ne gwajin nau'in jini, wanda ke duba furotin ɗin kansa ba sai an karanta ADN ba, kuma ana yin sa a cibiyar kula da amosanin jini ta ƙasa da ke Yamai da manyan asibitoci. Idan masu shirin aure biyu duka AS ne, wato kowannensu ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya kawai, kowane ciki da za a ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon kansa, kuma wannan lissafi yana sabuntawa a kowane ciki, ko da ƴaƴan farko sun zo lafiya.